Waƙoƙin ɗalibaina a zauren wani tsohon gida, uku ga Sallah

Duk wanda ya taso a cikin garin Kano ya san yanda hutun Sallah yake tafiya wa yaro, ba sai an gaya masa ba. Ranar farko Idi da cin tuwo da zaga dangi, washegari Hawan Daushe ana ta turereniya a Ƙofar Kudu kowa na son ya ga jafi, rana ta uku Hawan Nassarawa, daga baya a rufe da Hawan Dorayi in ƙaramar Sallah ce ko na Fanisau in babba ce, a tsakani kuma yawo ne kawai, gidan zu, wajen lilo, ɗaukar hoto da lissafin kuɗin barka da Sallah. Ni ban ga laifin ko ɗaya a ciki ba, hasali ma na ji daɗi sosai da UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a ƙarshen 2024. Amma a 'yan shekarun nan an sha dakatar da hawa saboda dalilan tsaro, kuma a nan ne abun ya fara damuna, don in ka cire doki da algaita to wallahi ba abun da ya rage wa yaro a Sallah wanda ya haɗa shi da garinsu, sai sabuwar shadda da waya a hannu.

Ni malamin Hausa ne a wata sakandare, kuma muna da 'yar ƙungiyar rubutu ta ɗalibai wadda muke zama bayan an tashi, yara ne 'yan aji huɗu zuwa shida maza da mata. Rubutacciyar waƙa tana cikin abun da ake musu jarrabawa a kai, sun san ma'anar baiti da ɗango da amsa-amo, in ka ce su kawo bambancin ƙwar biyu da ƙwar biyar za su zuba maka shi tas, amma ka ce wani ya miƙe ya rera baiti ɗaya nasa na kansa sai ka ga kowa ya sunkuyar da kai. A wajensu waƙa aba ce ta mutanen da, wadda ake haddacewa a zuba a takarda a manta. Shi ne na ce bari mu fitar da ita daga aji mu kai ta inda za ta yi numfashi, kuma mu yi a lokacin da mutane suke cikin farin ciki kowa yana gida.

Gidan da muka samu na dangin wani abokina ne, a wata unguwa cikin badala ba nisa da kasuwar Kurmi. Ba zan faɗi sunan gidan ba saboda har yanzu akwai mutane a ciki, ba gidan kallo ba ne. Wanda ya kafa shi bafatake ne, irin waɗanda suke bin ayari zuwa Gwanja su yo goro tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma cikin gidan an sassake shi da bulo da kwano kamar ko'ina, amma zaure da shigifa da soron mai gida suna nan na ƙasa yanda aka bar su. Dattijon da yake riƙe da gidan yanzu, wanda kowa ke ce wa Baba, shi ya hana a rushe zauren, an yi an yi da shi a mai da wajen shaguna ya ce sai dai bayan ransa.

Zauren nan sai wanda ya gani. Kaurin bangon kaɗai ya isa ka tsaya kallo, tubali ne aka jera da hannu, sama kuma bakan gizo ne suka taso daga kusurwa suka haɗu a tsakiya, an jera azara a tsakaninsu gwanin sha'awa, azarar giginya wadda gara ba ta ci, ta yi baƙi saboda shekaru. A waje ga zankwaye a kan soro, ga indararo, ga ɗan ragowar zane a bakin ƙofa da ruwa bai gama cinyewa ba. Da tsakar rana ana zuba zafi a waje amma kana shiga sai ka ji sanyi ya ratsa ka. Abun da ya fi ɗaukar hankalina kuma shi ne murya. A ajinmu na siminti da rufin kwano in yaro ya yi magana muryar tarwatsewa take, na baya ba ya ji sai an ɗaga murya, a zauren nan kuwa ko a hankali ka yi magana tana isa ko'ina, ba amsa kuwwa ba hayaniya. Ba mu kai lasifika ba kuma ba mu nemi ta ba. Mutanen da suka gina irin waɗannan zauruka sun san cewa wajen magana suke ginawa, nan ake karatu, nan ake sulhu, nan ake ɗaurin aure, nan baƙo ke sauka ya ba da labarin hanya.

Tun cikin azumi na kai yaran su ga wajen kafin kowa ya rubuta komai, don ban so su zo ranar Sallah su tarar da shi kamar wani holin biki. Baba ya zauna a kan buzunsa ya dinga ba su labari, yanda ake kwaɓa ƙasa da ciyawa a bar ta ta kwana, yanda ake yin makuba da kwasfar ɗorawa a shafe bango don ruwa kar ya ci, yanda ake ɗebo katsi daga marina a haɗa laso na rufin soro, da yanda ayari ke yin wata da watanni a hanya har a fidda rai da mutum sai kawai a ji jakuna a ƙofar gida. Wata yarinya ta ce, Baba to ku kun taɓa zuwa Gwanjan? Ya yi dariya ya ce a'a jikata, ni a zamanin mota na taso, kakana ne ya je, amma ga inda ake jibge huhun goron, ya nuna mata wani lungu. Yaran nan da a aji minti goma ba sa iya yi shiru, ranar har aka kira la'asar ba wanda ya motsa.

Sharaɗin da na kafa musu mai sauƙi ne a baki amma ya ba su wuya. Waƙar ta zama taka, ba ta littafi ba, ba ta intanet ba, kuma ba ta yayanka ba. Sannan rerawa za ka yi, ba karantawa kamar labaran rediyo ba, don rubutacciyar waƙar Hausa tun asali don kunne ake yin ta, shi ya sa mutanen da ba su iya karatu ba suke haddace dogayen waƙoƙin wa'azi daga bakin almajirai da makafi. Na kuma hana kirari. Wannan ne ya fi tayar da gardama, saboda kusan rabinsu abun da suka fara kawowa yabo ne, wannan ya yabi shugaban makaranta, wancan ya yabi wani ɗan siyasa, wani ma Baban ya wasa da kalmomin da ko sau ɗaya bai taɓa furtawa ba a rayuwarsa, giwa, toron giwa, hadarin gabas da sauransu. Na ce musu yabo fanni ne babba kuma yana da masu shi, amma ku ba maroƙa ba ne, ku rubuta abun da idonku ya gani ko abun da ya tsaya muku a rai. Wani ya ce, Malam to in ba abun da ya tsaya mini a rai fa? Na ce ka je ka zauna a ƙofar gidanku bayan sallar asuba ka dawo ka gaya mini.

Maganar kari ita ce na zata za ta fi wahala sai ta zo da sauƙi. In ka tsaya kana yi wa yaro bayanin doguwar gaɓa da gajeriyar gaɓa a allo kansa juyawa yake, amma yaran nan duk 'yan Islamiyya ne, ƙasidun yabon Manzon Allah suna bakinsu tun suna ƙanana, matan kuma sun san waƙoƙin gaɗa, mazan ba a daɗe da gama tashe ba. Sai na ce kowa ya ɗauki muryar da ya riga ya iya ya ɗora kalmominsa a kai, in kalma ta yi tsawo bakinka da kansa zai gaya maka, kuma ba wani sabon abu na ƙirƙiro ba, haka marubutan waƙa da yawa suke yi tun da, su ari karin wata sananniyar ƙasida ko waƙar baka su zuba nasu zancen. Muna tafi a hankali suna rerawa, inda aka yi tuntuɓe a tsaya a canza kalma. Amsa-amo kuwa har wasa suka mai da shi, wani ya jefo kalma mai ƙarewa da "wa" kowa ya kawo tasa har a rasa.

Ranar uku ga Sallah bayan la'asar muka taru. An share zauren an yayyafa ruwa, an shimfiɗa tabarmi da darduma, daga cikin gida aka fito da zoɓo da kunun aya da dubulan da cincin da ragowar nakiya. Ba mu buga kati ba, ba mu gayyaci wani babban baƙo ba, iyayen yaran ne da 'yan gidan da maƙwabta, sai wasu dattawa daga masallacin unguwar da Baba ya kira da bakinsa. Maza a zaure, mata a shigifa da bakin tsakar gida inda suna jin komai. Yaran unguwa kuwa da kayan Sallarsu sun cika ƙofa, wasu sun ɗare kan dakali suna leƙe, ba wanda ya kore su.

Kafin ranar an ɗan yi ja-in-ja kan 'yan matan. Wani mahaifi ya same ni ya ce, Malam ni fa ban yarda 'yata ta tsaya gaban maza tana rera waƙa ba. Ban yi musu da shi ba don 'yarsa ce kuma na fahimci abun da yake gudu. Abun da muka yi shi ne duk wadda iyayenta suka amince ta rera daga bakin shigifa, wadda ba su amince ba ta rera a cikin gida gaban Hajiyar gidan da sauran mata, kuma wallahi daga baya na ji cewa taron cikin gidan ya fi namu armashi, har guɗa aka yi. Na dai tuna masa cewa Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da waƙa ta karantar da matan karkara, ta rubuta da Fulatanci da Hausa da Larabci, jajis, wato matan da ta naɗa su zagaya suna koyarwa, suna ɗauka su kai ƙauyuka, matan da ke ɗaukar karatun waɗanda ake kira 'yan taru suna haddacewa, don haka mace da rubuta waƙa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Ya ce ya sani, amma dai a cikin gida. Aka yi haka kuma kowa ya tashi lafiya.

Yaron da ya fara duk jikinsa rawa yake, takardar na karkarwa a hannunsa, ya buɗe da sunan Allah da salati kamar yanda aka saba, baiti biyu na farko muryar ba ta fita sosai, sai wani dattijo ya ce masa, a hankali ɗan nan, ba kora ake ba. Daga nan ya ware. Waƙarsa a kan ganuwa ce, don ta wajen gidansu ta wuce kuma yana gani kullum ana cin ta, ga inda ya sa zauren ya yi tsit:

Ganuwa ta tsare kakanninmu,
Yau ita ce ba mai tsaron ta,
Mai gini ya ɗiba, ruwa ya ɗiba,
Mu muna wucewa muna kallon ta.

Ganuwar nan tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, wajen shekara 900 ke nan, kuma duk wanda ke bin ta gefenta yau ya san yaron bai yi ƙarya ba, wani wajen ta zama tudun shara wani wajen an yanka an yi gini. Na sha jin manya suna wannan ƙorafin a rediyo, amma jin sa daga bakin ɗan shekara sha shida a cikin ginin ƙasa irin nata, gaban mutanen da suka san ta tana da tsayi, daban ne. Baba bai ce komai ba, kai kawai yake gyaɗawa.

Akwai masu ban dariya, kar a zata duk kuka aka yi. Wani ya yi wa telan da ya hana shi kayan Sallah waƙa, bai kama suna ba amma ya kwatanta yanda ya kwana a shagon daren Sallah yana gadin yadinsa, dattawan nan har da riƙe ciki. Wata ta yi a kan lalle da layin kitso, wani a kan ƙaninsa da ya yi azumin farko ya dinga tambaya ko an kusa kiran sallah tun da hantsi. Wani kuma ya rubuta a kan lungun goron da Baba ya nuna musu, ya sa kansa a matsayin yaron ayari yana lissafa abun da ya baro a gida.

Wadda ta fi taɓa ni daga bakin shigifa ta fito, yarinya ce mai shiru-shiru wadda a aji sai ka kira sunanta take magana, mahaifinta direban adaidaita ne kuma yana zaune a zauren:

Baba ya ɗinka mana kayan Salla,
Shi ko da tsohuwar riga ya fita,
Ya ce da mu wai sabuwa ce,
Ni na gane ta, ta bara ce ita.

Bawan Allahn nan sai ya sa hannu ya rufe fuska. Ba wanda ya yi tafi, sai can wani ya ce Allah ya yi miki albarka, aka amsa da amin gaba ɗaya har na cikin gida. Ni a matsayina na malami na san akwai gyara a karin, ɗango na uku ya gaza sauran, amma ban ga abun da zan koya wa yarinyar nan game da me ake sa wa a waƙa ba, ta riga ta sani.

Gyaran ma ba ni na yi ba. Cikin dattawan akwai wani malamin zaure, tsoho sosai, wanda ashe ya daɗe yana rubuta waƙoƙin wa'azi da ajami yana ajiyewa a gafaka, ba wanda ya sani cikin yaran. Duk wanda ya gama sai ya kira shi gefe ya ce, zo nan ɗan nan, sake rera mini baitin nan, in ya rera sai ya ce to ka ji nan ya yi ɗingishi, cire wannan kalmar ka sa waccan. Da kunne kawai yake yi, bai taɓa shiga ajin adabi ba. Ya kuma nuna musu yanda mawallafan da suke rufe waƙa, su faɗi sunansu ko su ɓoye shi, su sa shekarar da aka yi ta cikin haruffa wato ramzi, yaran suka kewaye shi kowa na son a lissafa masa shekarar hijira ta 1446 da haruffa. Na tsaya ina kallo ina cewa a raina ga malamin da ya fi ni a unguwar nan, shekara da shekaru yana zaune, kuma ba don zauren nan ba da yaran ba za su taɓa haɗuwa da shi ba, don ba zai zo makarantarmu ba kuma mu ba mu san da shi ba balle mu gayyace shi.

Akwai kuma yaro ɗaya da ya yi tsangaya kafin a sa shi boko, shi da ajami ya rubuta tasa, ya ce hannunsa ya fi sakewa a haka. Da ya gama sai takardar ta fara yawo hannu zuwa hannu a tsakanin dattawa, kowa na karantawa yana murmushi, abokan ajinsa kuwa da yawa suka karɓa suka kasa, alhali Hausa ce zalla kuma duk sun iya karatun Alƙur'ani. Wannan ya tuna mini da Gidan Ɗan Hausa da ke Nassarawa, gidan Hanns Vischer, Baturen nan haifaffen Suwizalan da ya ratso Sahara daga Tarabulus zuwa Barno a 1906, ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909, kuma a 1912 ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da haruffan boko. Wato rubutun da sauran yaran suka yi waƙoƙinsu da shi yana da alaƙa da wancan gidan kai tsaye, shi kuma na ɗan tsangayar ya girme shi nesa ba kusa ba. Ina ganin da za a sa yara su rera waƙa a farfajiyar Gidan Ɗan Hausa, wasu riƙe da boko wasu da ajami, sun koyi tarihin rubutun harshensu fiye da duk abun da zan rubuta musu a allo.

Haka ma Gidan Makama, wanda tarihi ya nuna tun ƙarni na 15 aka gina shi domin Muhammadu Rumfa lokacin yana Makama, kafin ya zama sarki a 1463 ya gina gidan sarautar da ake ciki har yau. Turawa sun yi amfani da shi bayan sun ci Kano a 1903, yanzu kuma gidan tarihi ne, ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari a ciki ga kayan yaƙi ga hotuna. Makarantu suna kai yara can, mu ma muna kaiwa, kuma abu ne mai kyau. Sai dai na lura da yanda ziyarar take kasancewa, a jera yara a layi, a yi musu bayani, a ce kar a taɓa, su rubuta shekaru a littafi, a ɗau hoto a koma mota. Yaro ya shiga a baƙo ya fito a baƙo. Wanda kuwa ya tsaya a ƙarƙashin bakan gizo ya rera abun da ya rubuta da hannunsa, mahaifiyarsa na ji, wani tsoho ya gyara masa ɗango, to wannan in ya ji an ce za a rushe wajen sai ya ji a jikinsa. Na ga alamar haka tun yanzu, yaron da ya yi waƙar ganuwa ya koma gidan Baba shi kaɗai bayan Sallah yana tambaya yaushe za a yi yaɓe ya zo ya taya.

Kuma yaɓen nan shi ne rayuwar ginin ƙasa gaba ɗaya, in aka yi sakaci damina biyu uku sai ka ga bango ya fara zubewa, wasu kuma su ɗauko siminti su shafe suna ganin gata suka yi masa alhali danshi yake tarawa a ciki har wata rana ya ɓanɓaro da ƙasar gaba ɗaya. Baba ya ce maginan da suka iya ɗaurin bakan gizo sun yi ƙaranci, wanda yake kira ma ya tsufa 'ya'yansa duk bulo suke yi. Waƙa ba za ta yaɓe bango ba, na sani, amma gidan da ake taruwa a cikinsa duk Sallah ya fi samun mai kula da shi a kan wanda aka kulle, ko 'ya'yan Baba da suke ta maganar shaguna ranar sun yi ta ɗaukar bidiyo suna turawa 'yan uwansu na Abuja da Legas suna cewa ga zaurenmu.

Wani abokin aikina ya ce mini, kai Malam ka bar yara su huta mana, Sallah ma sai ka kai musu makaranta? Na gane nufinsa, kuma da abun ya zama dole ko na ce akwai maki a ciki da ya yi gaskiya. Amma ba wanda aka tilasta, wasu ba su zo ba sun tafi yawonsu kuma ban tambaye su dalili ba, waɗanda suka zo kuwa da kwalliyarsu suka zo, suka ci suka sha, dattawa suka yi musu barka da Sallah, kafin magariba an watse kowa ya kama gabansa. Tsoron da nake ji daban ne, kar abun ya yi kyau har ya fi ƙarfinmu, a fara cewa a kawo kujeru da rumfa, a gayyaci mai girma wane, a yi awa biyu ana jawabi da gabatar da manyan baƙi, yara su koma 'yan rakiya a ba su minti biyar a ƙarshe su rera yabon wanda ya ba da kuɗi. In ya koma haka gara a bari. Shi ya sa ko gasa ban yarda a mai da shi ba, ba na ɗaya ba na biyu, duk da wasu iyayen sun so a yi, don yarinyar da ta yi waƙar rigar babanta da ta san alƙalai za su zauna su ba ta maki ba za ta rubuta wannan ba.

Yanzu dai muna shirin babbar Sallah. Baba ya ce zaure namu ne amma sai an gama yaɓe tukunna, kuma a rage yawan masu hawa dakali don gefensa ya fara tsagewa. Malamin zauren ya yarda yaran su dinga zuwa wajensa ranar Alhamis da Juma'a da yamma, lokacin da almajiransa suke hutu, ya koya musu rubuta Hausa da ajami, mu kuma za mu tattara waƙoƙin ƙaramar Sallah mu buga su a 'yar takarda, kowace waƙa boko a shafi ɗaya ajami a ɗayan, a raba wa iyaye da 'yan unguwa. Hajiya ta aiko cewa wannan karon matan cikin gida su ma suna da waƙoƙin daka da na niƙa da suke so 'yan matan su zo su rubuta kafin a manta, na ce su fara zuwa tun wannan satin, biyu sun riga sun sayi sabon littafi don aikin.